An haife su a can, an basu takarda, daga baya kotu tace baƙi ne: rikicin jikokin 'yan Haiti a Jamhuriyar Dominikan

Ranar 23 ga Satumba 2013 kotun tsarin mulki ta Jamhuriyar Dominikan ta yanke wani hukunci wanda har yau ƙurarsa bata lafa ba. Abun da tace a taƙaice shine duk wanda aka haifa a ƙasar alhali iyayensa basu da takardar zama, to ba ɗan ƙasa bane. In da nan ta tsaya da ba wani abun mamaki, ƙasashe da yawa haka dokarsu take. Amma sai tace a koma a binciki rajistar haihuwa tun daga 1929, shekara 84 baya kenan, duk wanda aka samu a haka a cire sunansa a maida shi littafin baƙi. Wato mutum yana riƙe da takardar haihuwar da gwamnati ta bashi da hannunta, yayi makaranta da ita, ya jefa ƙuri'a, wani ma har fasfo ya taɓa yi, rana ɗaya ace masa ai kuskure akayi, kai dama can baka taɓa zama ɗan ƙasa ba, haka ubanka, haka 'ya'yanka. Kusan duk waɗanda abun ya faɗa wa jinin Haiti ne.

Haiti da Dominikan tsibiri ɗaya suka raba, Hispaniola, a tekun Karebiyan kusa da Kuba. Haiti na yamma da wajen kashi ɗaya cikin uku na tsibirin, Dominikan ta kwashe sauran, kowacce kuma tana da mutane wajen miliyan 11. In ka cire wannan to kusan komai nasu daban ne. Faransa ce ta mallaki Haiti, Sifaniya ta mallaki ɗayar, can Kiriyol da Faransanci ake yi, nan Sifaniyanci. A Haiti bayi baƙar fata ne suka yi tawaye suka kori Faransa suka kafa ƙasarsu a 1804, daga 1822 zuwa 1844 kuma Haiti ce ta mulki tsibirin gaba ɗaya. A riƙe wannan da kyau, bikin 'yancin kai da Dominikan keyi duk 27 ga Fabrairu na fita daga hannun Haiti ne, ba Turawa ba. Kaga kenan tun daga tushe labarin ƙasar da maƙwabci a matsayin abokin gaba aka gina shi.

Wanda ya kai abun ƙarshe shine Rafael Trujillo, ɗan kama-karyar da ya riƙe ƙasar daga 1930 har aka kashe shi a 1961. A watan Oktoba 1937 ya sa sojoji suka bi yankin kan iyaka suna kashe 'yan Haiti, yawanci da adda dan ya zama kamar faɗan manoma ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kashe a Dominikan ɗin aka haife su. Masu tarihi sun saɓa akan adadi amma mafi yawa suna sa shi tsakanin 9,000 da 20,000. Daga baya ya amince zai biya Haiti diyyar dala 750,000, ita ma ƙarshe 525,000 aka bayar. Shi kansa Trujillon kakarsa ta wajen uwa tana da jinin Haiti.

To in ana ƙinsu haka ya akayi suka cika ƙasar? Rake ne. Tun lokacin da Amurka ta mamaye ƙasashen biyu, Haiti a 1915, Dominikan a 1916, kamfanonin sukari suka buɗe manyan gonaki suka fara kwaso leburori daga Haiti saboda saran rake aiki ne da 'yan ƙasa ke gudu, daga asuba zuwa yamma kana duƙe da adda cikin rana, ganyen yana yankar jiki, biya kuma da nauyin abun da ka sara ne. Trujillon da ya kashe su a kan iyaka bai taɓa na cikin gonakin rake ba. A 1952 ma shi da kansa ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Haiti ta kawo ma'aikata, aka ci gaba da sabunta irinta, zamanin Duvalier uba da ɗa, 'yan kama-karyar da suka mulki Haiti, gwamnatin Haiti kuɗi take karɓa akan leburorin da take turawa, har sai da mulkin ɗan ya faɗi a 1986. Bayan Trujillo yawancin gonakin suka koma hannun gwamnati ƙarƙashin hukumar sukari ta ƙasa da aka kafa a 1966. Wato gwamnatin da kanta ce mai ɗaukar aikin.

Ana zuba su ne a wasu unguwannin leburori a tsakiyar gonakin da ake kira batey, dogayen ɗakuna a jere kamar bariki, galibi ba ruwan famfo ba wuta, iyali guda a ɗaki guda. A takarda wai in kakar sara ta ƙare za a maida su gida, amma kamfani yana buƙatar masu shuka da noma da gyaran gona, dan haka dubbai suka zauna shekara da shekaru, suka yi aure, suka haihu, suka tsufa, aka binne su a nan. Takardar da ke hannunsu kawai wani katin aiki ne da kamfani ke bayarwa, ficha suke ce masa. Kuma shekaru da dama ma'aikatan rajista suna karɓar wannan katin su rubuta jariri su bada takardar haihuwa, ba wanda yace haramun ne. Wannan katin shine daga baya kotu tace ai ba takardar zama bace, dan haka duk rajistar da akayi da shi bata inganta ba. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta kenan.

Yanzu ga inda dokar take. Daga 1929 har zuwa 2010 kundin tsarin mulkin Dominikan cewa yake duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, sai rukuni biyu aka ware, 'ya'yan jami'an diflomasiyya da 'ya'yan masu wucewa. Duk rigimar akan waye mai wucewa take. Ƙa'idar shige da fice ta 1939 ta nuna mai wucewa shine wanda ya ratsa ƙasar zai tafi wata, aka bashi kwana 10. Kowa ya gane wannan, matafiyi ne ya yada zango, matarsa ta haihu kafin jirgi ya tashi. Amma sannu a hankali aka dinga jan kalmar kamar roba har ta rufe mutumin da yayi shekara 40 yana saran rake a gona ɗaya.

Ba a 2013 aka fara ba. Tun shekarun 1990 ofisoshin rajista suke korar iyaye masu suna irin na Haiti ko masu duhun fata. Wasu yara mata biyu, Dilcia Yean da Violeta Bosico, an hana su takardar haihuwa a 1997 duk da iyayensu mata 'yan Dominikan ne, ita Violeta har sai da rashin takardar ya fitar da ita daga makarantar rana. Maganarsu taje kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka, a Satumba 2005 kotun tace Dominikan tayi laifi, tace matsayin iyaye na baƙin haure ba gado bane da yaro zai ɗauka, kuma wanda ya kafa rayuwarsa a ƙasa ba za a kira shi mai wucewa ba. Maimakon a gyara sai aka ƙara ɗaurewa. Dama a 2004 anyi sabuwar dokar shige da fice, mai lamba 285-04, wadda tace duk wanda bashi da izinin zama mai wucewa ne, kotun ƙolin ƙasar kuma ta goyi bayanta a Disamba 2005. A 2007 hukumar zaɓe, wadda a can ita ce ke riƙe da rajistar haihuwa da katin ɗan ƙasa, ta aika wa ofisoshinta umarnin su dakatar da bada kwafin takardar duk wanda suke zargin iyayensa baƙi ne, aka kuma buɗe littafin baƙi na daban, jaririn baƙuwa a asibiti a bashi takarda ruwan hoda maimakon fara. Sai a 26 ga Janairu 2010, sati biyu bayan girgizar ƙasar da ta rusa Port-au-Prince babban birnin Haiti, sabon kundin tsarin mulki ya fito ya faɗa ƙarara cewa 'ya'yan masu zama ba bisa ƙa'ida ba ba 'yan ƙasa bane. Amma shi wannan kundin da kansa yace duk wanda yake ɗan ƙasa kafin ranar yana nan a ɗan ƙasarsa.

Matar da shari'arta ta jawo hukuncin 2013 sunanta Juliana Deguis Pierre. An haife ta a 1984 a yankin Yamasá cikin lardin Monte Plata, iyayenta leburorin rake ne daga Haiti, an mata rajista tana jaririya. A 2008 taje karɓar katin ɗan ƙasa, ta miƙa takardar haihuwarta, ma'aikatan suka duba sunan suka riƙe takardar basu mayar mata ba. Ta kai ƙara tana neman abu ɗaya tak, a bata katinta. Da maganar ta isa kotun tsarin mulki sai kotun ta ɗauki ƙarar mace ɗaya ta yanke hukunci akan al'umma guda, shine hukunci mai lamba 168-13. Alƙalai 11 suka amince, biyu suka ƙi, kuma duk biyun mata ne, Isabel Bonilla da Katia Miguelina Jiménez.

Ya kamata a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren yanda masu ita ke faɗinta, dan ba duka ne shirme ba. Suna cewa kowace ƙasa ita ke da ikon cewa waye ɗanta. Suna cewa abun da aka gina akan karya doka baya haifar da haƙƙi. Suna cewa kundin Haiti ta jini yake bada ɗan ƙasa, duk ɗan da ɗan Haiti ya haifa ɗan Haiti ne ko a ina aka haife shi, dan haka ba wanda aka bari ba ƙasa, su je can su karɓi takardarsu. Sannan akwai maganar nauyi, Dominikan ba ƙasa mai arziƙin a zo a gani bace, asibitocinta da makarantunta suna ɗaukar 'yan Haiti da yawa, lokacin girgizar ƙasar 2010 ma ita ce ta fara kai ɗauki, kuma suna jin haushin manyan ƙasashen da ke musu wa'azi alhali su ma jirgi suke cikawa da 'yan Haiti su mayar.

Mu a Najeriya hujjar farko ba baƙuwa bace a wajenmu, dan sashe na 25 na kundin 1999 ta iyaye da kakanni yake bada ɗan ƙasa, haihuwa a Kano ko Legas kaɗai bata isa ba. Shi yasa wani zai iya cewa to meye laifin Dominikan. In dai daga 2010 zuwa gaba ne, ana iya jin zafin dokar amma haƙƙinsu ne su yi ta. Inda ni nake ganin zaluncin yake shine komawa baya. Shekara 80 kana cewa haihuwa a ƙasarka ta wadatar, ma'aikatanka suna buga hatimi, sannan ka dawo kace duk wancan ba haka kake nufi ba, kuma wanda zai biya kuɗin kuskuren shine jaririn da baisan ma anyi ba. In ma akwai wanda ya karya doka wajen shigo da leburori ba takarda, ai kamfanin sukari ne da gwamnatin da ta sa hannu a yarjejeniyar.

Hujjar cewa su je Haiti kuwa a baki take da sauƙi. Kafin Haiti ta baka takarda sai ka nuna uba ko uwarka ɗan Haiti ne da shaida, to kakan da ya tsallako a bayan babbar mota a 1960 da katin kamfani kawai, wanda sau da yawa ma sunan da ke jiki magatakardan kamfani ne ya rubuta yanda kunnensa ya ji, wace shaida ya bari? Rajistar Haiti ita kanta miliyoyin 'yan ƙasarta na cikin gida bata rubuta su ba. Ga shi har zuwa gyaran 2012 kundin Haiti baya yarda da riƙe ƙasa biyu. Jikan nan Sifaniyanci ne harshensa, bai taɓa taka Haiti ba, baisan kowa ba a can.

Adadin mutanen ma rigima ne. Wani ƙidayar baƙi da gwamnatin tayi a 2012 ya nuna kusan mutum 210,000 aka haifa a ƙasar waɗanda iyayensu 'yan Haiti ne, da wannan aka fara ƙiyasi, daga baya hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa adadin marasa ƙasa a 133,770. Gwamnatin Dominikan kuma har yau matsayinta shine babu marar ƙasa ko ɗaya a ƙasarta.

Duniya tayi caa, ƙungiyar ƙasashen Karebiyan CARICOM ta dakatar da duba buƙatar Dominikan ta shiga cikinta, sai shugaba Danilo Medina ya kawo doka mai lamba 169-14 a watan Mayu 2014 dan a rage zafi. Hukuncin kotu ba a iya soke shi, sai aka zagaye shi, aka raba mutanen gida biyu. Rukunin A sune waɗanda aka taɓa yi wa rajista, aka ce za a mayar musu da takardunsu. Rukunin B sune waɗanda aka haifa a ƙasar amma ba a taɓa rubuta su ba, su kuma aka ce sai su fara zuwa su rubuta kansu a matsayin baƙi, bayan shekara biyu su nemi a basu ɗan ƙasa irin yanda ake ba baƙo. Duba fa abun da ya raba rukunin biyu, a batey ɗaya aka haife su, wani lokacin ma uwa ɗaya uba ɗaya, bambancin kawai wa ya dace da ma'aikacin rajista mai sauƙin kai ranar da aka kai shi, ƙane kuma ya haɗu da wanda ya kore su.

A rukunin A hukumar zaɓe ta fitar da sunaye wajen 55,000 a 2015, daga baya suka kai kimanin 61,000. Juliana ta samu katinta a Agusta 2014. Amma rijiya ta bayar guga ya hana, aka kwafe sunayensu zuwa wani littafi na daban, wasu aka kai takardunsu na asali kotu a soke, wasu ace su dawo wata mai zuwa, su dawo ace fayil ɗin yana Santo Domingo babban birnin ƙasar, mutumin da kuɗin motar zuwa gari ma sai yayi aikin kwana biyu. Shekara goma bayan hukuncin fiye da rabinsu takardun basu koma hannunsu ba.

Rukunin B ya fi muni. An basu kwana 90, aka ƙara wasu 90, aka rufe ranar 1 ga Fabrairu 2015. Shaidar da ake nema ta haɗa da takardar asibiti, ko rantsuwar ungozoma, ko shaidu bakwai 'yan Dominikan a gaban lauya mai hatimi, duk kuma kuɗi ne. Gwamnati da kanta ta ƙiyasta sun haura 50,000, amma mutum 8,755 ne kawai suka samu shiga. Wasu basu ji labari ba, wasu basu da kuɗin, wasu kuma suka ƙi da gangan, suka ce ba zasu sa hannu da kansu cewa su baƙi ne a ƙasar da aka binne cibiyarsu ba. Cikin waɗanda suka bi duk matakan, shekara biyun da aka ce ta zama shida, sai a 2020 Medina ya sa hannu a ba mutum 750 ɗan ƙasa, shugaba Luis Abinader da ya gaje shi ya ƙara 50 a 2021, su ɗin ma aka daɗe ana jan ƙafa wajen miƙa musu takardun. Akwai kuma yaran da aka haifa tsakanin 2007 da 2010 aka zuba su littafin baƙi tun kafin kundin ya canza, su sun faɗa tsakani, dokar bata ɗauke su yanda ya kamata ba.

Kotun nahiyar Amurka ta sake yanke hukunci a 2014 tace hukuncin 168-13 da wani ɓangare na sabuwar dokar sun saɓa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam. Amsar da kotun tsarin mulkin Dominikan ta bayar a Nuwamba na shekarar ita ce wai dama amincewar da ƙasar tayi da ikon waccan kotun a 1999 bata inganta ba tunda majalisa bata tabbatar ba. Dabarar dai guda ce, a koma baya ace abun da akayi ba a yi shi ba.

Wanda bai san ƙasar ba zai ɗauka maganar ƙuri'a ce kawai. A can katin ɗan ƙasa, cédula, shine komai. Ba shi ba aiki mai albashi a rubuce, ba asusun banki, ba inshorar lafiya, ba jami'a, ba auren rajista, layin waya ma da sunanka wahala ne. Mafi ciwo kuma baka iya yi wa ɗanka rajista, dan haka matsalar haihuwa takeyi, uwa marar kati ta haifi 'ya marar takarda, ita ma ta girma ta haifi nata. Sonia Pierre, wadda aka haifa a batey ta kafa ƙungiyar matan Dominikan jinin Haiti, ta kwashe rayuwarta akan wannan faɗan, ita ma sai da aka nemi a soke nata takardun, ta rasu a Disamba 2011 bata ga hukuncin ba. Matasan da abun ya shafa kuma suka kafa tasu tafiyar mai suna Reconoci.do, suna zanga-zanga a gaban ofishin hukumar zaɓe da tutar Dominikan a hannu.

Kuma ko babba bai tsira daga wannan tabon ba. José Francisco Peña Gómez, baƙin mutum jinin Haiti da iyayensa suka tsere lokacin kisan 1937 wasu suka raine shi, ya zama magajin garin Santo Domingo, ya kusa cin shugabancin ƙasa a 1994 a zaɓen da aka cika da zargin maguɗi, a 1996 ya zo na ɗaya a zagayen farko aka haɗe masa kai a na biyu. Babban makamin da aka yaƙe shi da shi shine wai zai haɗe ƙasar da Haiti.

Yanzu abun ya ƙara cakuɗewa saboda halin da Haiti ta shiga tun bayan kashe shugaba Jovenel Moïse a Yuli 2021, 'yan daba sun riƙe mafi yawan Port-au-Prince, mutane na gudu. Abinader ya fara gina katanga a kan iyaka a 2022, a Oktoba 2024 gwamnatinsa tace zata dinga korar har mutum 10,000 duk sati, kuma a shekarar kaɗai hukumar shige da fice tace ta mayar da sama da 276,000. A ƙa'ida wannan korar ta baƙin haure ce, bata shafi wanda aka haifa a ƙasar ba. Amma jami'in da ya tare hanya da motar kwasar baƙi mai keji fuska yake kallo ya tambayi kati, kuma katin shine abun da aka hana su, shi yasa ƙungiyoyin kare haƙƙi suke ta kawo rahoton 'yan ƙasar da aka tsallakar da su Haiti. A Afrilu 2025 aka ƙara da ƙa'idar asibiti, a manyan asibitocin gwamnati 33 ana tambayar marar lafiya shaidar kansa da ta aiki da ta wurin zama, in babu a duba shi sannan a miƙa shi ga jami'an shige da fice, har da mata masu jego. Abun da ya biyo baya shine mata da yawa sun koma haihuwa a gida saboda tsoro, kuma yaron da aka haifa a ɗaki cikin batey bashi da ko takardar asibitin da zata nuna a wace ƙasa aka haife shi.